Farfela Uku da Ruwan Albarka

Barba Dinko makanike ya jera farfelolin injin jirgin ruwa a kan teburin shagonsa, ya goge hannu a wando, ya dubi Lovre.

"Zaɓi, yaro. Mai fiffike uku ta fi gudu, mai huɗu ta fi jan kaya. Amma kar ka dawo mini da kuka."

Lovre ya ɗauki mai uku. Gudu yake nema. Kifin ruwan da ke kewaye da tsibirinmu ya daɗe da ƙarewa, sai 'yan ƙananan kifaye da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta ci. Manyan kifayen da ake kira tuna suna can bayan Baƙin Dutse, inda dole mutum ya fita da asuba ya dawo kafin iskar kudu ta tashi. Can mahaifin Lovre, Roko, ya tafi wata safiya, jarkar mai kawai aka tsinta.

Lovre ya sayar da gonar zaitun ɗinsu ya sayi inji, jibgege, irin wanda ke ɗaga hancin jirgi sama. Kowa ya san sharaɗin da ya yi wa kansa: in lokacin tuna ya wuce bai kama ba, zai bi sauran samari Jamus ya ɗauki bulo. Mu nan dama tsofaffi ne suka rage, sai kyanwowi.

Mahaifiyarsa Vinka ba ta hana shi ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Farfelar nan ba za ta taɓa ruwa ba sai limamin cocinmu, Don Marin, ya yayyafa mata ruwan albarka. Ubanka bai yi ba."

Wa zai ƙi? Ta naɗe farfelar a tsumma ta sa a kwandonta. Da yamma Lovre yana ɗinkin taru a tsakar gida, yana jin ta a ɗakin ajiya tana dukan busasshen kifi da guduma, yadda matanmu ke yi kafin su jiƙa shi. Washegari ta miƙo masa farfelar a naɗe, ya ɗaura da hannunsa.

Inji ya yi ruri, jirgi ya yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya ƙi tashi bisa ruwa. Ko rabin hanya bai kai ba man ya yi ƙasa, dole ya juyo.

Dinko ya shafa bakin fiffiken da babban yatsa, ya ji ya lanƙwashe. "Ka bugi dutse."

"Wallahi, Barba, ban taɓa komai ba."

"To dutsen ne ya biyo ka ya buge ka."

Lovre ya koma mai fiffike huɗu. Aka sa ta a kwandon Vinka, aka dawo da ita, aka ɗaura. Duk kanwar ja ce. Tsofaffin da ke zaman karta a bakin tashar jiragen ruwa suka samu abin yi.

"Lovre! Ka ba mu aron jirgin mu kaɗa madara!"

Ya canja mai, ya ɗaga injin, ya sauke shi, ya kwashe kaya daga gaba ya mayar baya. Ya rame, ya daina aski. Jiragen wasu tsibirai suna wucewa da yamma kamar za su nutse da nauyin tuna, shi yana tsaye yana kallo. Abin tausayi, wallahi, har masu tsokanar suka fara yin shiru in ya zo wucewa.

Ta uku ta farin ƙarfe ce mai tauri, daga birni aka aiko ta, kuma agogon mahaifinsa ne ya tafi a kanta. Dinko ya ce wannan ko dutse ta buga, dutsen ne zai ji jiki. Ran nan an daɗe ana dukan kifi a ɗakin ajiya. Da Vinka ta fito, hannunta na dama a ɗaure yake da tsumma. Ta ce guduma ce ta kuskure. Miyar wake suka sha.

Da asuba ya fita. Hantsi bai yi ba ya dawo, a hankali, jirgin yana rawa. Bai je wajen Dinko ba. Ya ɗaure igiya, ya zauna a bakin ruwa, ya ce da kansa shi ba masunci ba ne, kuma bai gaji ubansa a komai ba.

Wani mai yawo da baƙi daga gaɓar can ya sayi jirgin da injinsa, arha kamar a bola. Kifayen tuna suka wuce. Vinka ta shirya masa jaka, ta sa cuku da kwalbar man zaitun ta ƙarshe. Ta yi ta cewa ai akwai aiki a otel, ai ana neman mai gyaran taru, ai ba dole sai Jamus ba.

Ranar tafiya, babban jirgin fasinja ya sauke Don Marin, wanda ke zagayen tsibirai uku. Suka haɗu da Lovre a kan gadar shiga. Lovre ya cire hula.

"Na gode da addu'a, Fada. Farfela uku ka sa wa albarka, ni ne dai ba ni da rabo."

"Wace farfela, ɗana? Ni ba wanda ya taɓa kawo mini farfela."

Ma'aikata suka tura Lovre ciki, gada ta fara ɗagawa. Ya juyo ya hangi mahaifiyarsa a tasha, ta ɓoye ɗaurarren hannunta a ƙarƙashin gyale. Sai a lokacin ya tuna cewa tun farkon bazara yake jin guduma a ɗakin ajiya duk ranar da farfela ta shiga kwandonta, amma ko sau ɗaya ba a ci busasshen kifi a gidansu ba.