Warin Tsami a Gwangwanin Fim

Tun da doka ta ce abin da babu a Rumbun Ƙasa na adana tarihi bai taɓa faruwa ba, Kande ke neman shaidar ƙauyensu da ruwa ya cinye. Ta iske Baba Ilu, wanda shi kaɗai ya rage a Ƙungiyar Masu Adana Takardu a Fim.

Ya buɗe gwangwanin da fim ɗin takardun ƙauyen yake ciki, ya shinshina kamar yadda 'yan ƙungiyarsu suka saba. Warin tsami ya buge su. Fim ɗin ya narke.

"Baba, takardun asali fa?"

"Mu muka sa aka ƙone su, 'yata. Mun rantse fim zai shekara ɗari biyar."

"To ni 'yar ina ce?"

Ya mayar da murfin a hankali. "Ni ma na je Rumbun jiya. Sun ce ba a taɓa yin ƙungiyarmu ba."