Injin Huda na Shagon Bazawara

Tun da direba ya ajiye tuƙi ya koma ƙera 'yan motocin katako, kowacce tafin hannu zai iya ɗauke ta. Da ƙusa mai zafi yake huda gurbin taya, katakon ya yi ta tsagewa. Ya roƙi matarsa kuɗin ɗan injin huda, don fanshonsa a hannunta yake. Ta ce ba da guminta za a yi wasan yara ba. Ita fa ko gishiri sai ta taya.

Sai ya tsiri fita da hantsi, wai zagayen neman mai araha. Ya dawo yana murmushi.

"Wata bazawara ce ke da shagon. Ta ce na hannu ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana gajiyar da yatsu. Kin ji murya kuwa?"

Washegari bazawara ta ce mai batir ya fi. Jibi ta ce hannunsa na masu fasaha ne. Yau ya ce doguwa ce, gobe ya ce 'yar duma-duma. Matar ta ce a ranta, so ya fara makantar da tsoho. Ran da ta ga ya fesa turare zai je ciniki, ta ce abin ya isa haka. Wato a tsufan nan wata za ta ɗauke mata miji da ƙarfen huda?

Ta yafa mayafi ta riga shi fita. A shagon wani dattijo mai tabarau ta tarar yana jera ƙusoshi.

"Wane injin huda ne ba ya lalacewa, ba a dawowa gyara?"

Ya zaro mai lantarki daga ƙasan kanta, a naɗe cikin leda.

"Haɗa da bakunansa duka, har mai sirin allura. Kada ya rage abin da zai sake kawo mutum nan."

Ya faɗi kuɗi. Ta biya ko tayi babu, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta gyara tsayuwa.

"To, kira min uwar ɗakin taka. Ina da magana da ita."

Dattijo ya sauke tabarau.

"Wace uwar ɗaki, Hajiya? Ni kaɗai ne a shagon nan tun da aka gina shi. Maigidanki ne ya ce in ajiye wannan, za ki zo da kanki."