Ranar Kwasar Kayan Mai Hoto

Tun da hantsi Baba Makulli ke safa da marwa a ƙofar gidansa, tarin makullan da suka jawo masa wannan laƙabi suna kacau-kacau a ƙugunsa. Yau Asabar, zai rabu da ƙaya.

Ƙayar kuwa ita ce mai ɗaukar hoton da ke haya a ɗakin sama. Ɗan Baba zai yi aure, ana son ɗakin, mai hoto kuma kullum sai gobe. Ranar da ya tafi ɗaukar hoton wani biki, Baba ya sauya kwaɗo, ya rufe ɗakin da duk abin da ke ciki. Mai hoto ya kai ƙara. Alƙali ya ce ɗaki na Baba ne, amma kaya na mai su ne: ranar Asabar a buɗe masa ya kwashe, kuma ko cokali ya ɓata, Baba ne zai biya.

Sai ga wata farar akori-kura tana tafe sannu a hankali, maza biyu a ciki suna leƙen gidaje. Baba ya tare ta da hannu bibbiyu.

"Ku ne mai hoto ya aiko kwasar kaya?"

Direban ya dubi abokinsa, wani dogo mai gemu.

"Mu ne, Baba."

"Shi kunya ta hana shi zuwa ko? Ai na sani! Ku biyo ni, ɗakin sama ne."

Ya haye matakala bibbiyu kamar ɗan shekara ashirin. Da kansa ya buɗe kwaɗon, da kansa ya nuna musu akwatin kyamarori a ƙarƙashin gado, da fitilun hoto masu dogayen ƙafafu, da kwamfuta, da katifar da ko ledarta ba a cire ba. Ya naɗe hannun riga ya kama musu gado, yana ta rera waƙar da shi kansa bai san inda ya samo ta ba. A kan kwanar matakala gadon ya maƙale, Baba ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Malam, bayanka fa!"

"Bayan nawa ya warke! Kawo wa bayin Allah ruwan sanyi. Gobe war haka mai fenti na ciki."

Da ɗakin ya zama wayam, sai Baba ya sosa ƙeya. Akwai babbar talabijin ɗin mai hoto da ya sauko da ita falonsa, wai don kada ƙura ta ɓata ta. Ya tuna fuskar alƙali, ya ja su falo ya nuna ta yana kallon silin.

Dogon ya ɗauke ta, sannan ya dafa firjin da ke kusurwa.

"Ya ce har da wannan."

"Wannan ai nawa ne!" in ji matar. "Ƙanena ya saya mini!"

Baba ya ja ta gefe. "Ke, kina so a sake tsayar da ni gaban alƙali a kan firji? Bar su su kai masa, ya gani da idonsa, ya ji kunya ya dawo da shi."

Aka fitar da firji. Baba ne ya ɗaure igiya, ya bubbuga gefen motar, ya ma nuna musu gajeriyar hanyar da babu cunkoso. Ya yi ta ɗaga musu hannu har suka sha kwana, sannan ya juya ya taka rawa a tsakar gida, makullai na yi masa kiɗa, maƙwabta na leƙe ta taga suna dariya.

Yana cikin juyi aka yi sallama. Mai hoto ne a bakin ƙofa, gumi sharkaf, ma'aikacin kotu na tsaye a bayansa.

"A yi haƙuri mun makara, Baba," in ji shi, "motar da na ɗauko ce ta mace a hanya, amma ga wata nan tafe. Buɗe mana mu fara sauko da kayan."