Kwanon da Ya Huje

Ranar da kwanon ya huje, hankalinsu ya tashi. Ita bazawara, shi tuzuru mai noman shinkafa a Tudun Wada, kowa ya rantse shi da aure haihata-haihata. Kunu kawai ta taɓa aika masa yana zazzaɓi. To, kwano ba ya komawa haka nan: ya zubo shinkafa, ta mayar masa da dambu, haka dai shekaru suka yi ta tafiya.

Ran nan ya tsaya a zauren gidanta da kwanon, yana sosa ƙeya. "Baiwar Allah, komai na zuba zubewa yake. Shi ke nan kuma?"

Ta leƙa hujin, ta taɓe baki. "Goro ba ya zubewa. Cika shi ka kai wa kawuna na neman aure. Ba don kai ba fa, kwanon nake tausayi."