Jinkar da Ta Faɗi a Bakin Kwari

Ka zo kana min kuka, Tanimu, wai tun da aka ɗora ka a kan ƙungiyar masu noman rani mutane ba sa bin ka. Gyara zama in ba ka labarin wani manomi, don ni ban yarda ƙin bin ka suke yi ba.

Ɗakin mahaifiyar manomin nan ne ke yoyo, ga damina ta kawo kai, ga tsohuwa na fama da tari. Sai ya ɗaura tsaiko, wato sandunan da ke riƙe rufi, a fili bayan gari, ya baibaye shi da yanta, ciyawar nan da ake saƙawa don rufi, jinka ta fito gwanin sha'awa. Ranar ɗauka ya yaye tsohon rufin tun da safe, ya gayyato maƙwabta, kowa ya shiga ƙarƙashi ya sa kafaɗa, shi kuma ya kama gaba. To ka sani, wanda ke ƙarƙashin jinka ba ya ganin hanya. Ƙafar na kusa da shi yake gani, nauyi yake ji. In na gaba ya karkata, na gefensa ya ji a kafaɗa ya bi, shi ma na gefensa ya ji, a haka labari ke tafiya har ya isa ga na ƙarshe. Amma labarin kafaɗa ba ya gudu.

Suna cikin tafiya hadari ya haɗo daga gabas. Manomi ya tuna uwarsa na kwance a ɗaki babu rufi, hankalinsa ya tashi, kuma wallahi ban ga laifinsa a nan ba. Ya ƙara sauri. Ya hango kututture ya kauce hagu, ya wuce shi ya dawo dama. Kafin kaucewar hagu ta isa ga na baya, shi ya riga ya koma dama, sai gaban jinka ya nufi nan, bayanta ya nufi can. Da ya ji ana jan sa, ya ɗauka gardama ake masa, ya fizga da ƙarfi. Na baya kuwa bayin Allah, da fizgar ta iso su suka zabura don su cim masa, daidai lokacin da shi ya ci birki a bakin kwari. Suka turo shi da iya ƙarfinsu. Jinka ta kife a kwarin, tsaiko ya kakkarye, ruwa ya sauko ya tafi da yantar.

Ya miƙe jiki duk taɓo yana faɗa, wai an ƙi bin sa. Wani dattijo da ke can baya ya ce, "Ɗana, babu motsin da ka yi da ba mu yi ba. Sai dai duk wanda ya iso mu, kai ka riga ka bar shi."

Manomi ya san gaskiya ce. Da ya rage tafiya, ya bar kowace juyawa ta zagaya jinka kafin ya soma wata, da ko sun jiƙe sun isa. A goye ya ɗauke tsohuwa cikin ruwa zuwa gidan maƙwabci. Ciyawar yanta kuwa ba a samun ta sai kaka, don haka a ɗakin aro ta yi daminar nan kaf, yana jin tarinta ta katanga, abin na cin ransa.

Kai ma jiya ka ce a shuka albasa, yau ka ce tumatir, alhali na ƙarshen fadama sai yanzu maganar albasa ta isa gare shi. Hausawa dai sun gama magana da suka ce sauri ya haifi nawa.