Littafin da Ba Ya Kwana a Kanta

"Ga ta nan ta dawo!" in ji Ilham. Ta ɗaga waya ta kunna bidiyo kai tsaye.

A wani ɗakin karatu da ke Abakpa take aiki. Kullum sai ta sanar da mabiyanta na Fesbuk halin da ake ciki: shayin da ta sha, da yadda littafin yaran da ta rubuta da sunan Gwaggon Yara ba ya kwana a kanta. Na sauran marubuta kuwa, a cewarta, ko gara ta raina su.

Ta harari abokin aikinta Maliki, wanda ba a taɓa aron nasa littafin ba. "Wasu dai sun yi asarar tawada. Malam, matsa, kana tare min haske."

Matar da ta shigo, Balaraba daga Unguwar Shanu, karo na tara ke nan tana sabunta aron littafin. Ba ta san marubuciyar ce a gabanta ba.

Ilham ta juya mata wayar. "Hajiya, gaya wa duniya, me ya sa ba kya rabuwa da littafin nan?"

"Ai 'yar nan, Allah ya saka wa wadda ta rubuta shi! Na jefar da bulala. Duk yaron da ya yi rashin ji, shafi biyar zai karanta. Jiya ƙaramin har da kuka, wai don Allah in dake shi kawai."

Maliki ya leƙo. "Hasken ya isa haka, ko in ƙara matsawa?"