Hannun Kaka a Jikin Kofi

Ranar da muke kwashe kaya daga ƙauyenmu kusa da Maradun, ruwan dam ɗin Bakolori na tafe, kakana, tsohon makaɗin fada, ya hana a sa kofinsa na tangaran cikin buhu. Kyautar bikin tunawa da tsohon sarki ce, ɗauke da hotonsa yana miƙa wa makaɗansa riga.

Na ce, "Kaka, ina kake a ciki?"

Ya nuna dab da mariƙin kofin. Hannu ne kawai bisa gangar kotso.

"Wanga hannu nawa na. Sarki ya ce kar a ɗauki hoton sai na matso."

Kofin yana wurina yanzu. Ba ta mariƙi nake ɗaukarsa ba, kada yatsana ya rufe hannun.